Jar Fitilar da Kawu Ya Ce a Kashe

Nafisa, Yusuf, na san abin da ake gaya muku duk lokacin da kuka je gidan Kawu Sule a unguwar New Bell gaisuwar Sallah. Ana ce muku boko ya hau wa uwarku kai, ta tsaya gaban manyan unguwa ta kunyata mutumin da ya riƙe ta tun tana marainiya. Rabin maganar gaskiya ne. Na tsaya gaban manya, Kawu Sule kuma ya ji kunya. Sauran rabin ne ba wanda ya taɓa zama ya gaya muku, ni ma ban gaya muku ba, domin kun san ni ba mai yawan magana ba ce. Yanzu furfura ta fito mini, idona ya fara gajiya da ƙananan rubutu, kuma na gaji da jin labarina a bakin waɗanda ba su taɓa buɗe bayan na'ura sun leƙa ba. Zan rubuta muku shekarar nan yadda ta kasance. Ban huce ba, kada ku sa ran karanta maganar wadda ta huce.

Kawu Sule yayan Inna ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Da babana ya rasu ina ƙarama, Inna ta koma gidan mahaifinsu, aka ba mu ɗakuna biyu na can baya kusa da rijiya, inda ruwa ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofa duk damina. A cikin ɗaya daga ɗakunan nan aka haifi Inna. Amma Kawu ne ya rushe gaban gidan ya sāke gina shi da siminti, sunansa ne a takarda, kuma kowa a gidan ya san da izinin wa yake kwana. Ba zan ci haƙƙinsa ba, bai taɓa hana mu abinci ba, shi ne kuma ya tsaya na yi makaranta lokacin da wasu ke cewa karatun waya da ƙarfe ba na mace ba ne. Gida ne mai hayaniya. Matar Kawu tana yi wa yara faɗa da Fillanci, samari suna gardamar ƙwallo da Faransanci, mai sayar da makala, irin fanken garin nan, a ƙofa tana ciniki da Fijin, wato Turancin kasuwa, Hausa kuma tana bi ta tsakiyar duka. Ni ina bayan ƙofa da littafi. Babban ɗan Kawu, Yaya Bashir, wanda ke aikin ofis a Bonapriso yana ɗaura laktaye cikin zafin nan, shi ya laƙaba mini Madame Silence, wato uwar shiru, sunan ya bi ni har makaranta.

Shekarar da nake ajin ƙarshe Kawu ya dawo daga Umra da wani tunani. Ya ga allunan lantarki da ake ratayawa a masallatai, masu nuna lokacin kowace sallah da jajayen lambobi, ya ce me zai hana a ƙera su a nan Douala a sayar wa masallatan unguwanni kafin azumi. Ya raba aiki a zaune a kan tabarma: kafinta zai yi akwatin katako da gilashi, Yaya Bashir zai nemo kayan haɗi da masu saye, ni kuma zan yi cikin. Ranar nan ban iya cin abinci ba don murna. Karo na farko ke nan da wani a gidan ya tambaye ni abin da na sani.

Dole in bayyana muku abu guda game da cikin allon, in ba haka ba sauran labarin ba zai shiga ba. Akwai ƙwaƙwalwar na'ura, akwai kuma ma'ajiyar da take ɗora aikinta a kai, wadda muke kira memwar. Jadawalin lokutan sallah na shekara duka a memwar yake zama muddin allon yana kunne, daga nan ƙwaƙwalwa ke karanto shi. Su biyun nan ba sa magana sai da bugu, wani bugu mai sauri da ba a ji, kuma dole bugun ɗaya ya zo daidai da na ɗaya. Kun taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi guda. In wannan ta sauke taɓarya, waccan ta ɗaga. In ɗaya ta yi gaggawa ko ta makara, taɓare su haɗu, hatsi ya watse. To duk lokacin da aka kunna allon, kafin ya nuna komai, ƙwaƙwalwa takan tsaya ta daidaita bugunta da na memwar. Ta aika mata da wasu lambobi da ta riga ta sani, ta ce a maido mata. In sun dawo a karkace, ta ɗan jinkirta bugun ta sāke aikawa. Haka za ta yi ta gwadawa har ta sami gurbin da lambobi ke dawowa daidai, ta tsaya a tsakiyarsa. In ba ta sami gurbin ba, ko ta same shi ɗan siriri ƙwarai, sai ta ɗaga wata alama a ciki, wato tana cewa ban yarda da abin da nake karantowa ba. Alamar nan ba ta tsayar da na'ura. Wanda ya rubuta umarnin na'urar shi zai zaɓa, ya saurare ta ko ya wuce. Ni na saurare ta. Na rubuta cewa in alamar ta tashi a sāke gwadawa, in ta ƙi, kada allon ya nuna lokaci ko ɗaya. Ya kunna jar fitila a kusurwa, ya rubuta ERREUR, wato kuskure, har sai an kashe an sāke kunnawa.

Allon farko da sabuwar memwar na haɗa shi, wadda malaminmu ya ara mini. Ya yi mako da makonni a falon Kawu bai yi tari ba. Baƙi suna zuwa kallo, Kawu yana kashe shi yana kunnawa a gabansu yana cewa 'yar Ladi ce ta yi, Ladi kuwa sunan Inna ke nan. Sai aka zo yin masu yawa. Yaya Bashir ya ce sabuwa ta yi tsada, ya tafi kasuwa wurin wani Bakano mai suna Malam Habu, wanda bai daɗe da zuwa Douala ba, yana shigo da kayan kwamfuta. Ya dawo da leda cike da memwar, ya zube mini a kan tebur, ya ce mai kayan da bakinsa ya tabbatar masa, sans défaut, ba su da aibi ko kaɗan.

Kun san wutar garin nan. A ɗauke, a kawo, a sāke ɗaukewa kafin ka zauna. Duk dawowar wuta kuwa sabuwar kunnawa ce ga allo, sai ya sāke daidaita bugu daga farko. Da na haɗa sababbin allunan na jera su a ɗakinmu, jar fitila ta fara kamawa. Ba kullum ba, ba kuma a allo guda ba. Yau wannan, jibi wancan, yawanci da rana tsaka in kwanon rufi ya ɗauki zafi. Kaina na fara zargi, domin haka aka gina ni. Na bi umarnin da na rubuta layi-layi, na sāke narka dalma a kowace ƙafa, na auna wutar da ke shiga. Na ɗauki allo na kai tsakar gida cikin rana, na ɗauko shi na sa kusa da randa. Na cire memwar ledar na sa ta malaminmu, fitila ta mutu. Na mayar da ta ledar, ta dawo. Da na sa gilashin ƙara gani na duba ƙafafunsu, sai na ga tabon tsohuwar dalma. An ciro su ne daga jikin matattun na'urori, an goge, an zuba a leda. Gurbin bugunsu ya tsuke, in zafi ya taɓa su sai ya gusa, ƙwaƙwalwa ta neme shi ta rasa.

Na sami Yaya Bashir yana goge takalmi zai fita, na gaya masa. Ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce mai kaya ya ce ba su da laifi, shi kuma ya riga ya gaya wa Baba haka, saboda haka in akwai laifi a cikin program ɗina yake, wato umarnin da na rubuta, in je in gyara in daina neman wanda zan ɗora wa. Ya ƙara da cewa ɗalibai haka suke, in abu ya fi ƙarfinsu sai su ce kayan aiki ne.

Ni da ko gishiri ba na son a aike ni saye, na sa hijabi na hau bensikin, babur ɗin haya, na tafi kasuwa neman Malam Habu. Na same shi a wata 'yar rumfa yana shan shayi, mutum siriri mai fara'a. Na gaishe shi, na ajiye memwar guda a gabansa, na tambaye shi ko shi ya ce wa ɗan Alhaji Sule waɗannan ba su da laifi. Ya juya ta a tafin hannu, ya dube ni kamar na zage shi.

"Ni? Hajiya, ni ban ce ba su da laifi ba. Ya ce yaya suke, na ce ba laifi."

Nan na tsaya. Ku da kuka tashi da Faransanci a baki, ku lura da wannan, domin a kansa gida ya tashi. In Bakano ya ce maka abu ba laifi, yana nufin da dama-dama, za a lallaɓa, kada ka sa rai da yawa. Gargaɗi ne cikin ladabi. Yaya Bashir kuwa, wanda Hausarsa ta cin abinci ce da gaisuwa, tunaninsa duka da Faransanci yake yi, ya ɗauki kalmomin biyu ya juya su ɗaya bayan ɗaya, ya fito da sans défaut. Malam Habu ya ce shi ya zaci na gyaran rediyo za a yi da su, ai kowa ya ga farashin ya san na hannu ne. Na roƙe shi ya zo ya maimaita wannan a gaban Kawu. Fara'arsa ta ragu. Ya ce shi baƙo ne a garin nan, Alhaji Sule ne ya tsaya masa ya sami rumfar, ba zai shiga tsakanin uba da ɗa ba. Ya ba ni haƙuri, ya ce in sha shayi. Ban sha ba.

Da na gaya wa Yaya Bashir abin da ba laifi ke nufi, fuskarsa ta nuna ya gane nan take. Wannan ne abin da har yau ban yafe masa ba. Kuskuren harshe kowa na yi, da ya je ya ce Baba na ji ba daidai ba, da an yi masa dariya kwana biyu an wuce. Amma ya ga ya riga ya karɓi alkawarin masallatai, ya riga ya yi wa ubansa bugun ƙirji, sai ya zaɓi ya bar ni da shi. Ya ce kada in kuskura in koya masa Hausa, shi a gidan nan aka haife shi.

Kawu ya kira ni bayan la'asar. Yana zaune a kujerarsa, allo guda a jingine da bango, jar fitilarsa tana ci. Na durƙusa nesa kaɗan. Ya yi magana a hankali, kamar yadda yake yi in ya riga ya yanke hukunci. Ya ce Bashir ya gaya masa allon yana aiki sarai, fitilar nan ce kawai ke tsorata mutane, kuma layi guda ne a cikin rubutuna ke kunna ta. Ya tambaye ni ko haka ne. Na ce layi guda ne. Ya ce to in goge shi. Na yi ƙoƙarin bayani, ina kallon tabarma. Na ce in an goge, allon zai nuna lokaci ko da bai yarda da abin da ya karanto ba. Sau da yawa zai dace. Wata rana kuma lamba guda za ta juye, magariba ta matso gaba ko asuba ta ja baya, ba kuma abin da zai nuna an yi kuskure. Na ce mafita biyu ce, a sayi sabuwar memwar, ko a bar fitilar a gaya wa ladan in ya gan ta ya kashe ya kunna. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Rakiya, sunana ne a goshin allon nan. Kina so a shiga masallaci a ga Alhaji Sule, a ƙarƙashinsa a ga ERREUR? Ko mara lafiya ka gaishe shi, lafiya lau yake ce maka. Ke naki ƙarfen ba shi da kunya ne?"

Na ce, "Kawu, mara lafiyar ba da shi ake shan ruwa ba."

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Shi ma bai sani ba, domin ya daɗe yana kallona. Ya ce in tashi in je, ya ba ni lokaci in yi tunani, in kuma tuna a inda nake kwana. Bai taɓa faɗin irin wannan ba tun zuwanmu gidan. Na koma ɗaki na gaya wa Inna. Tana tsince shinkafa, hannunta ya tsaya. Ba ta ce in goge ba, ba ta ce kada in goge ba. Ta ce dai ita ba ta da wani gida, kuma ƙafafunta sun tsufa da hawa motar haya.

Ban goge ba, ban kuma ce ba zan goge ba. Na yi shiru irin nawa, ina fatan shirun zai isa amsa. Yaya Bashir bai jira ni ba. Ya kwashe allunan a bayan mota ya kai wa wani ɗan ajinmu da ke gyaran waya a Ndokoti, aka nemo layin aka cire. Suka dawo tsaf, ka kashe ka kunna sau nawa, lambobi ne jajaye kyawawa, kusurwa kuma duhu. Yaya Bashir ya tsaya a tsakar gida yana cewa ga shi nan, abin da ya gagari injiniya an gama shi kafin shayi ya huce. Matan gida suka yi dariya. Na so ƙwarai in ce musu ba gyara aka yi ba, baki aka toshe. Na shige ɗaki.

Ana saura kaɗan azumi Kawu ya gayyaci limamin unguwarmu da dattawan wasu masallatai su zo su gani kafin a rataya. Aka share falo, aka kawo soya, wato tsire, da lemo. Ina bayan gida ina wanki aka ce Kawu na kira. Na zaci tire zan ɗauka. Da na shiga na ga falo cike da manyan riguna, allunan a jere suna ci, Yaya Bashir a gefe yana bayani rabi Hausa rabi Faransanci. Kawu ya nuna ni ya ce ga wadda ta yi cikin, 'yar ƙanwarsa ce, shi ya yi mata makaranta. Na gane abin da yake yi. Yana so in tsaya a wurin a matsayin hatimi, ya kuma san ban taɓa buɗe baki gaban maza uku ba, balle falo guda. Da shiruna ya yi lissafi. Wannan ma yana cikin abin da ke ƙona ni har yau, cewa kunyar da suka yi shekaru suna yi mini dariya a kanta, ita suka ɗauko ranar nan suka mai da ita kayan aiki.

Liman tsoho ne, ya san babana. Ya sa mini albarka, sannan ya yi tambayar da kowane mutumin garin nan zai yi.

"'Yata, in an ɗauke wuta aka kawo, lokacin da zai nuna daidai ne? Don da shi mutane za su sha ruwa."

Na ji idon Kawu a wuyana. Na tuna Inna da tiren shinkafarta. Da tambayar ta zo ta wata hanya, da an ce yana da kyau, ko yana aiki, wataƙila da na sami inda zan raɓe. Amma abin da ya tambaya shi ne ainihin abin da jar fitilar take amsawa, an kuma cire ta, ba wanda ya rage a falon da zai amsa sai ni.

Na ce, "Ba kullum ba, Malam."

Muryata ko kujera ta biyu ba ta kai ba. Waɗanda ke bakin ƙofa suna ta cin soya. Liman ya karkato kunne ya ce in ƙara bayani, na ce a da yana faɗa in bai tabbata ba, yanzu an hana shi faɗa. Yaya Bashir ya yi dariya ya ce ƙanwarsa ce, elle est timide, kunya gare ta, ba ta iya bayani ba, ya ja maganar zuwa kyan katako. Liman ya gama lemonsa, ya yi addu'a, ya ce masallacinsu zai ɗan dakata tukuna, ladaninsu yana da agogon hannu. Wani dattijo da ke kusa da shi shi ma ya ce nasu zai dakata. Sauran, waɗanda ba su ji ba da waɗanda suka ji suka ga ba ruwansu, suka karɓi nasu.

Kawu ya raka baƙi har titi yana dariya. Bai kira ni ba ranar, bai kira ni ba washegari. Na gaishe shi da safe ya amsa wa bango. Kafin a ga watan azumi, matarsa ta shigo ɗakinmu, ta zauna a bakin gado tana murza zobe, ta ce Alhaji ya ce yana bukatar ɗakunan baya zai zuba kaya, amma ba gaggawa, mu sha ruwan azumi tukuna. Inna ta ce ta ji. Ta je wurin yayanta sau ɗaya, ita kaɗai, ban san abin da suka faɗa ba. Ta dawo ta fara naɗe tabarmi.

Azumin nan a gida ɗaya muka yi shi da su, ba mai ce mana uffan. A nan aka ƙera maganar da kuke ji yau. Duk wanda ya shigo sai a gaya masa allunan suna can suna aiki, ba abin da ya faru, yarinya ce kawai ta so ta nuna ta fi kowa. Har yanzu Yaya Bashir yana faɗin haka, na san ya faɗa muku: ina abin da ya faru? To ku tambaye shi, ta yaya zai sani? Abin da zai gaya masa shi ne ya biya aka cire. In wata rana a wani masallaci an kira magariba rana ba ta gama faɗuwa ba, cikin hadarin garin nan da ba a ganin rana, wa zai lura? In wata tsohuwa ta ci sahur bayan alfijir ya keto don allo ya ce da saura, a wane littafi aka rubuta? Ni ban ce ya faru ba. Ban sani ba. Su ma ba su sani ba, ba kuma wanda zai taɓa sani. Sun tsone idon abin, sannan suna kafa hujja da cewa bai ga komai ba. Shekara nawa ina aiki da na'urori bayan wannan, na ga masu lalacewa iri-iri, ba wadda nake tsoro kamar wadda aka koya wa yin shiru.

Bayan Sallah muka tashi. Wata ƙawar Inna ta samo mana ɗaki a Yassa, can bakin gari kan hanyar Yaoundé, lokacin wurin duk ciyawa ne da jar laka, ba Bahaushe ko ɗaya a layin. Muka ɗora gado da tukwane da akwatunan littattafaina a bayan wata tsohuwar akori-kura. Ba wanda ya fito daga gaban gida. Mai makala ce kawai ta taya mu ɗaukar katifa, tana ta cewa ashiya, ashiya, wato sannu da Fijin. Inna ta tsaya a ƙofar ɗakin da aka haife ta, ta duba ciki, ta jawo ƙofar ba ta kulle ba.

Tun ranar falon Inna ba ta yi mini maganar ba. Tana ba ni abinci, tana tashe ni sahur, amma ba ta taɓa batun ba, ni kuma ina jiran ranar da za ta fashe. A Ndokoti muka maƙale. Motoci sun cushe, 'yan bensikin suna kutsawa ta ko'ina, masu talla suna buga gilashi, ga yayyafi ya fara sauka a kan katifarmu. Muna matse a gaba kusa da direba, wani Bamileke da ba ya jin Hausa. Inna tana kallon titi ta ce:

"Abin da kika faɗa wa Liman, gaskiya ne?"

Na ce gaskiya ne.

"Kin tabbata, ba zato ba?"

Na ce na auna, na sāke aunawa.

Muka matsa tsawon mota guda. Sannan ta juyo, na ga ranta a ɓace yake fiye da yadda na taɓa gani, na sunkuyar da kai ina jira.

"Matar Sule ta ce rabin falon bai ma ji ki ba. Sai da Liman ya miƙo kunne kamar mai sauraron sauro. An fitar da ni daga ɗakin uwata a kan magana, maganar kuma ko bakin ƙofa ba ta kai ba." Ta gyara mayafinta. "Gobe in za ki jawo mana irin wannan, ki ɗaga murya. In na rasa gida, a ce dai kowa ya ji dalili."

Direba ya sami hanya ya kutsa. Ba ta sāke tayar da maganar ba har ta rasu, a Yassa, a ɗakin da ba nata ba.

Ni kuma ban ɗaga ba. Na yi aure, na haife ku, na bar su suna ba da labarin yadda suka so, kuna zuwa kuna ji kuna dawowa kuna kallona. Ku ci gaba da zuwa gaisuwa, danginku ne, ku durƙusa wa Yaya Bashir yadda ya kamata. Amma in ya sāke ɗauko zancen a gabanku, ku ce uwarku ta ce kayan na hannu ne, ya sani tun ranar da na gaya masa, kuma shi ya kai aka cire fitilar. Ku faɗa yadda na bakin ƙofa zai ji.